Wa'adin Tef: Tarihin Ajiyar Kwafin Bayanai da Ranar Gogewa

Duk kwafin ko-ta-kwana da aka ɗauka daga kwamfuta aka zuba a kan tef yana tafe da rana guda da aka yanka masa. Kafin ranar ta zo ba a yarda a yi rubutu a kansa ba, idan ta wuce kuma tef ɗin ya koma sahun waɗanda ake iya sake amfani da su. Wannan tsakanin shi ne wa'adin ajiya. Tsawaita shi aiki ne da masu kula da ɗakunan kwamfuta suke yi a kai a kai: lauya ya aiko a riƙe bayanan wata shekara, ko masu binciken kuɗi su nemi a bar lissafin ƙarshen shekara, ko a ga alamar ɓarna a so a tsare tsohon kwafi har a gano bakin zaren. A yau umarni ɗaya ya isa a matsar da ranar. Al'adar kanta kuwa ta haura shekara sittin, kuma ta samo asali ne daga tsadar tef da ƙarancinsa.

Tef na maganaɗisu ya fara ne a matsayin abin ɗaukar murya. A 1928 injiniya Fritz Pfleumer ya yi rajistar ƙirƙirarsa a Jamus, wato siririn ƙyallen takarda da aka shafe da garin ƙarfe. Kamfanin AEG ya ƙera na'urar Magnetophon ya nuna ta a Berlin a 1935, kamfanin BASF kuma ya riƙa yin tef ɗin. Kwamfuta ta karɓe shi a 1951 tare da UNIVAC I a Amurka, wadda tef ɗinta na ƙarfe ne mai nauyi, faɗinsa rabin inci. A 1952 IBM ta fito da na'urar 726 mai amfani da tef na roba, tare da dabarar rataye sashen tef a cikin dogon rami mai zuƙar iska domin kada ya tsinke sa'ad da faifan ya tashi ko ya tsaya farat ɗaya. Daga 1964, da zuwan kwamfutocin System/360, tef mai layi tara ya zama ruwan dare. Babban faifansa yana ɗauke da tsawon ƙafa 2,400, kuma ko a zamanin da aka fi cusa masa bayanai bai wuce kimanin megabayit 170 ba.

A wancan lokacin tef shi ne wurin aikin kansa. Kamfani mai biyan albashi yana da babban fayil na ma'aikata a kan faifai guda. A ƙarshen wata sai a ɗora shi tare da faifan sauye-sauye, kwamfuta ta karanta biyun ta rubuta sabon fayil a kan faifai na uku. Tsohon ba a goge shi nan take, domin idan sabon ya lalace sai an koma kansa. Daga nan aka sami tsarin zuriya uku da ake kira kaka, uba da ɗa: ana riƙe fayil na yanzu, da wanda ya haife shi, da wanda ya haifi wancan. Idan aka sami sabon ɗa, kakan ya gama aikinsa, sai a mayar da faifansa cikin tarin na gogewa. Tef a idon mutanen wannan zamani kamar allon almajiri yake, a wanke a sake rubutu, kuma tambayar da ke gabansu kullum ita ce yaushe ne wankewar ba za ta jawo asara ba.

Kariya ta farko ta hannu ce. A bayan kowane faifai akwai wani kwarmi da ake cusa zoben roba a ciki. Idan zoben yana nan na'ura za ta iya rubutu, idan an zare shi sai karatu kawai. Ma'aikacin da ya gama ɗaukar fayil mai muhimmanci yakan zare zoben, ya manna takarda a jikin faifan, ya rubuta suna da ranar da za a iya gogewa. Wannan ya dogara ne kacokan ga natsuwar mutum ɗaya a tsakar dare, yana ɗora faifai yana saukewa bi da bi. Saboda haka aka shigar da ranar cikin tef ɗin kansa. A tsarin IBM, farkon kowane tef yana da 'yan gajerun rubuce-rubucen shaida masu harafi 80 kowanne: na farko yana ɗauke da lambar faifan, na gaba yana ɗauke da sunan fayil, ranar da aka rubuta shi, da ranar ƙarewar wa'adinsa. Mai shirya aiki yana iya faɗin adadin kwanakin da yake so a riƙe ta hanyar RETPD, ko ya faɗi ranar kai tsaye ta hanyar EXPDT. Idan wani aiki ya nemi ya yi rubutu a kan tef da wa'adinsa bai cika ba, kwamfuta takan tsaya ta tambayi ma'aikacin da ke gaban allo, shi kuma ya amsa da harafi ɗaya: U idan ya yarda a rubuta, M idan a sauke a kawo wani.

Ranar ana rubuta ta ne da lamba biyar, biyu na shekara, uku na kwanan cikin shekara. Masu son a riƙe fayil har abada sai suka riƙa sa 99365, wato ranar ƙarshe ta 1999, wadda a shekarun 1960 ta yi nisan da ba a tunanin kowa zai kai ta da irin wannan tef. Dabarar ta bazu har ta zama doka, IBM ta ayyana 99365 da 99366 a matsayin alamar kada a goge. Da ƙarnin ya zo ƙarewa sai da aka faɗaɗa rubutun shekara zuwa lamba huɗu, aka kuma bi ɗakunan tef ana tantance waɗanne ne aka yi nufin su ƙare a 1999 da gaske, waɗanne ne aka yi nufin su dawwama.

Yawan faifai ya haifar da sabuwar sana'a, ta mai kula da ɗakin tef, wanda ke riƙe da rajistar dubban faifai, ya san wanda ke kan kanta, da wanda aka kai ma'ajiyar waje, da wanda ya isa gogewa. Daga baya manhaja ta karɓi rajistar, irin su UCC-1 ta kamfanin University Computing Company, wadda aka koma kira CA-1. Wannan sauyi yana da muhimmanci a tarihin wa'adi, domin tun daga lokacin ranar da ake aiki da ita ta koma cikin rajista, kuma ana iya sauya ta ba tare da an taɓa tef ɗin ba. Ajiya a waje ma ta zama kasuwanci. Kamfanin Iron Mountain ya fara ne a 1951 a wani tsohon ramin haƙar tama a jihar New York, inda mai wurin, Herman Knaust, yake noman naman kaza kafin ya mayar da ramin ma'ajiyar takardun bankuna saboda fargabar yaƙin nukiliya. Motocin irin waɗannan kamfanoni ne suka riƙa zagaya ofisoshi suna kwasar akwatunan tef suna dawo da waɗanda wa'adinsu ya cika.

Da diski ya yi araha, aikin yau da kullum ya koma kansa, tef ya zama wurin kwafin ko-ta-kwana. Tsarin Unix ya zo da umarnin dump mai matakai daga 0 zuwa 9, inda 0 ke kwashe komai, kowane mataki na sama kuma ya kwashe abin da ya sauya tun kwafin ƙarshe na matakin da ke ƙasa da shi. Umarnin tar ya biyo a 1979. Tsohon tsarin zuriya uku ya sami sabuwar ma'ana: kwafin kullum shi ne ɗa, ana juya shi cikin mako, na mako shi ne uba, ana riƙe shi kamar wata guda, na wata shi ne kaka, yana kaiwa shekara ko fiye. Faifai ya ba da wuri ga kaset, tun daga IBM 3480 a 1984 mai ɗaukar megabayit 200, kuma a 1987 StorageTek ta fito da babban akwati mai hannun mutum-mutumi da ke ɗauko kaset da kansa.

Gajeren wa'adi yana da farashi, kuma an biya shi. Hotunan saukar Apollo 11 a duniyar wata a ranar 20 ga Yuli 1969 sun iso tashoshin Ostareliya da Kalifoniya da tsabtar da ta fi wadda aka gani a talabijin, kuma an ɗauke su a kan tef na musamman. Bayan dogon bincike, hukumar NASA ta bayyana a 2009 cewa ga dukkan alamu waɗannan tef suna cikin kimanin 200,000 da aka goge aka sake amfani da su saboda ƙarancin tef. Gidan BBC ma ya riƙa goge shirye-shiryensa na talabijin har zuwa 1978, shi ya sa shirye-shirye fiye da 90 na wasan Doctor Who suka ɓace. A duka biyun an bi ƙa'idar da ke aiki ne a lokacin, kuma ƙa'idar ba ta tanadi wanda zai duba ya ce wannan a bar shi ba.

Akasin haka ya faru a fadar White House. A Nuwamba 1986, da badaƙalar sayar wa Iran makamai ta fallasa, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro John Poindexter da jami'insa Oliver North suka goge saƙonninsu daga PROFS, tsarin wasiƙun kwamfuta na IBM da ofishinsu ke amfani da shi. Poindexter kaɗai ya goge fiye da 5,000. Amma ana ɗaukar kwafin tsarin a kan tef kowane mako, ana sake rubutu a kai bayan ɗan lokaci kaɗan. Jami'an sadarwa na fadar suka ware tef na waɗannan makonni suka hana su komawa sahun gogewa, kuma daga cikinsu ne kwamitin bincike na Tower da sauran masu bincike suka ciro saƙonnin da suka nuna yadda aka tafiyar da al'amarin. A ranar 19 ga Janairu 1989, ana gobe shugaba Ronald Reagan zai sauka daga mulki, ɗan jarida Scott Armstrong da cibiyar National Security Archive suka garzaya kotu don hana goge sauran tef na fadar, kotu kuma ta ba da umarnin a dakata. Shari'ar ta ja har 1993, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar cewa saƙonnin kwamfuta na hukumomin gwamnati suna iya zama bayanan hukuma da doka ta kare. Da wuya a sami misalin da ya fi wannan nuna nauyin da ke kan mutumin da ke juya tef, domin da an bi jadawali kamar yadda aka saba, da shaidar ta tafi cikin 'yan makonni.

A wannan tsakanin ne manyan manhajojin kwafi na zamani suka taso. NetBackup, wadda bankuna da kamfanonin sadarwa da dama suke amfani da ita, ta samo asali ne daga aikin da kamfanin Control Data ya yi wa kamfanin motoci na Chrysler a 1987, ta koma hannun OpenVision a 1993, sannan Veritas a 1997. Yadda take sarrafa wa'adi ya isa misali ga sauran. Kowane aikin kwafi yana samar da ƙunshi guda mai lambar shaida, kuma rajista tana riƙe da sunayen fayilolin da ke cikinsa, da kaset ɗin da yake kai, da ranar ƙarewarsa. Ana zaɓar wa'adi daga matakai: 0 mako ɗaya, 3 wata ɗaya, 8 shekara ɗaya, 9 har abada. Kaset ɗaya yakan ɗauki ƙunshi da yawa, kuma ba ya komawa sahun gogewa sai na ƙarshe a cikinsu ya ƙare. Shi ya sa a bisa al'ada manhajar ba ta haɗa wa'adi iri biyu a kaset guda, kuma shi ya sa tsawaita ƙunshi ɗaya ƙarami yakan ɗaure kaset gaba ɗaya na tsawon shekaru.

Umarnin da ke matsar da ranar shi ne bpexpdate. Ana ba shi lambar ƙunshi ko lambar kaset tare da sabuwar rana, ko kalmar da ke nufin har abada. Idan aka ba shi sifili sai ya kashe wa'adin nan take, abin da ya sa ƙwararru suke karanta layin sau biyu kafin su danna. Rajista kawai yake sauyawa, kaset ɗin yana iya zama cikin akwati a wani gari bai san an yi ba. Akwai tarko da dama a nan. Sauya wa'adi a jadawali yana shafar kwafin da za a ɗauka nan gaba ne, tsofaffi suna nan da ranarsu sai an bi su. Ƙunshin da ya ɗauki sauye-sauye kaɗai ba ya iya dawo da kwamfuta yadda take sai da cikakken kwafin da ya gabace shi, don haka tsawaita ɗaya a bar ɗayan aikin banza ne. Idan ƙunshi yana da kwafi biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje, kowanne da ranarsa. Idan kuma ranar ta riga ta wuce, rajista ta manta da ƙunshin, amma bayanan suna nan a kan tef muddin ba a yi rubutu a kai ba. Abin yi na farko shi ne a ture maɓallin hana rubutu da ke jikin kaset, sannan a shigo da shi rajista a mataki biyu: a karanta kawunan ƙunshi don sanin abin da ke ciki, sannan a karanta ƙunshin duka don sake gina jerin fayiloli. Aikin yakan ci sa'o'i a kan kaset guda. Har abadan ma tana da iyaka, domin tsofaffin nau'o'in manhajar suna rubuta ta ne a matsayin 19 ga Janairu 2038, ranar da agogon Unix mai bit 32 ke cika, wato irin dabarar 99365 a sabon zamani.

Farkon ƙarnin nan kotuna da dokoki suka shiga tsakani sosai. Bayan rushewar kamfanin Enron, dokar Sarbanes-Oxley ta 2002 da ƙa'idojin da suka biyo ta sun wajabta riƙe takardun binciken kuɗi na shekara bakwai. A shari'ar Laura Zubulake da bankin UBS Warburg a New York, mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke jerin hukunce-hukunce a 2003 da 2004 da suka zama abin koyi. Ta sa a fara dawo da tef biyar a gwada a ga abin da ke ciki da kuɗin da aikin zai ci, ta kuma bayyana cewa da zarar kamfani ya hango shari'a, wajibi ne ya dakatar da gogewar da ya saba yi ga bayanan da suka shafi batun, har da tef da aka san suna ɗauke da saƙonnin manyan waɗanda abin ya shafa. An tarar wasu tef sun ɓace, kuma a 2005 masu taya alƙali yanke hukunci suka ba ta kimanin dala miliyan 29. A shekarar ce kuma wata kotu a Florida ta ɗora wa bankin Morgan Stanley dala biliyan 1.45 a shari'ar da batun tef fiye da 1,400 da aka gano a Brooklyn, ba a bayyana su a kan kari ba, ya yi tasiri ƙwarai, ko da yake kotun sama ta soke hukuncin a 2007. Masu ƙera tef suka amsa da kaset da ake rubutawa sau ɗaya ba a iya gogewa, wanda ya shigo tsarin kaset na LTO daga zuriya ta uku.

Matsar da rana a rajista ba ya ƙara wa tef kwana. Tef da yawa na shekarun 1970 da 1980 sun kamu da wata cuta: mannin da ke riƙe da garin ƙarfen yana shan danshin iska, ya yi danƙo, ya riƙa barewa a kan na'ura. Maganinsa shi ne a gasa tef ɗin na sa'o'i a zafin da ya ɗan haura digiri 50, a kwashe abin da ke ciki kafin danƙon ya dawo. Masu ƙera kaset na LTO suna cewa yana kai shekara 30, amma da sharaɗin ɗaki mai sanyi daidai, mara danshi da ƙura, sharaɗin da ke da wuyar cikawa a inda zafi ke da yawa kuma wutar lantarki ba ta tsayawa. Na'urar karatu ma takan riga tef mutuwa. LTO, wanda HP da IBM da Seagate suka kafa, ya fito a 2000 da gigabayit 100, ya kai terabayit 18 a zuriya ta tara a 2021. Har zuwa zuriya ta bakwai na'ura tana karanta kaset na zuriya biyu da suka gabace ta, ta takwas da ta tara kuwa ɗaya kawai. Wanda ya sa wa kaset na LTO-4 wa'adin shekara ashirin ya ɗaukar wa kansa alkawarin riƙe tsohuwar na'ura mai aiki, da manhajar da ta san tsarin rubutun, da rajistarta, da mabuɗin sirri idan an kulle bayanan. Hotunan da kumbunan Lunar Orbiter suka aiko a 1966 da 1967 sun tsira ne domin wata ma'aikaciyar NASA, Nancy Evans, ta tsare tef ɗin ta kuma adana manyan na'urorin karanta shi na Ampex FR-900 a gidanta shekara da shekaru, har wasu injiniyoyi suka farfaɗo da su suka fitar da hoton farko a 2008. Hanyar da manyan ma'ajiyoyi suka dogara da ita a yau ita ce ƙaura: duk bayan 'yan shekaru a kwashe bayanai daga tsohuwar zuriya zuwa sabuwa, a gwada dawo da su, sannan a saki tsofaffin kaset.

Doka ta sake juyowa ta wata fuskar. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018, ta hana riƙe bayanan mutum fiye da buƙatar da aka tattara su dominta, ta kuma ba shi damar neman a goge su. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 tana da irin wannan ƙa'ida. Tef kuwa a jere ake rubuta shi, ba a iya cire sunan mutum ɗaya daga tsakiyar ƙunshi a bar saura. Saboda haka wa'adin har abada, wanda a da ake ganin shi ne zaɓi mafi aminci, ya zama abin da ake tuhumar kamfani a kansa, kuma duk tef da aka riƙe yana iya zama abin da kotu za ta ce a buɗe a bincika da kuɗin mai shi. Masu aikin sun koma raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa: kwafin ko-ta-kwana mai gajeren wa'adi don dawo da aiki idan an yi asara, da taskar dindindin da ake zaɓar abin da zai shiga cikinta tare da fihirisar da ke sa a same shi. Tsawaitawa kuma ta zama abin da ake rubuta wa dalili, da sunan wanda ya ba da izini, da ranar da za a sake dubawa.

Tef bai bar fage ba. A 2011, da wata matsalar manhaja ta share akwatunan wasu masu amfani da Gmail, daga tef kamfanin Google ya dawo da su. Yaɗuwar ɓarayin intanet masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa ta ƙara masa daraja, domin kaset da ke kan kanta ba ya haɗe da kowace waya. Irin wannan hari ya shafi lissafin wa'adi kai tsaye: masu kutse sukan yi makonni ko watanni a cikin kwamfutocin kamfani kafin su bayyana, kuma idan wa'adin kwafi wata ɗaya ne, ana iya tarar da duk kwafin da ya rage an ɗauke shi ne bayan shigarsu. Wannan ya sa matakin farko da ake ɗauka da zarar an ga alamar kutse shi ne dakatar da ƙarewar wa'adin dukkan tsofaffin kwafi, a cire kaset ɗinsu daga akwatin na'ura, har sai masu bincike sun tantance ranar da aka fara shigowa.